Ƙarin girma ya zo, yarda da kai ba ta zo ba: ta ina zan fara?

Tambaya daga Sabuwar Shugabar Sashe

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni riƙe shugabanci a wurin aiki, da kuma masu ilimin halayyar ɗan Adam idan akwai su a cikinmu.

Ba a daɗe ba da aka yi mini ƙarin girma zuwa shugabar sashen lissafin kuɗi a ma'aikatarmu. Kafin nan ni ma'aikaciya ce kamar kowa a sashen, kuma ban taɓa shakkar aikina ba, domin da wuya rahoto ya fito daga hannuna a dawo mini da shi gyara. Amma tun da na hau wannan kujera sai na zama kamar ba ni ba. Cikin waɗanda ke ƙarƙashina akwai waɗanda suka girme ni nesa ba kusa ba, har da wanda ya koya mini aiki lokacin da na fara, saboda haka idan zan ba da umarni sai nauyi ya kama ni, in yi ta kewaye-kewaye har maganar ta fita kamar roƙo. A taron shugabannin sassa kuwa, nakan shiga da magana a bakina in fito da ita, can kuma sai wani ya faɗi abin da na yi niyyar faɗa a yi ta yaba masa. Idan ma'aikaci ya kawo aiki da kuskure, maimakon in mayar masa ya gyara, sai in zauna bayan an tashi in gyara da kaina, don gudun ɓacin ransa ko kuma kada a ce sashena ya gaza.

Abin da ya fi damuna shi ne wani tunani da ke yawan zuwa mini, cewa waɗanda suka zaɓe ni kuskure suka yi, kuma ko ba daɗe ko ba jima asirina zai tonu. Na gwada shawarar nan da ake yawan bayarwa, ta tsayawa gaban madubi da safe ina gaya wa kaina cewa ni gwana ce, amma ban ga canji ba, wani lokaci ma sai in ji kamar ƙarya nake yi wa kaina.

Shin yarda da kai halitta ce da ake haihuwar mutum da ita, ko kuwa ana koyonta? Idan ana koyo, ta ina ake farawa? Kuma ya dace in riƙa nuna ƙarfin halin da ba ni da shi a zuci har ya zame mini jiki, kamar yadda wasu ke cewa?

Amsa daga Malamin Ilimin Halayya

Wa alaikumus salam, Malama. Ina taya ki murna, Allah ya taya ki riƙo.

Tunanin nan na cewa an yi kuskure wajen zaɓenki sananne ne a wurin masana. A shekarar 1978 wasu masana biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, sun wallafa abin da suka gano daga mata sama da 150 da suka yi fice a karatu da sana'a, inda suka tarar cewa duk da takardun shaida da lambobin yabo, da yawansu sun yi imani cewa sa'a ce kawai ta kai su inda suke, ko kuma mutane ne ke yi musu kallon da ya wuce matsayinsu. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa maza ma ba su tsira ba. Tun da wannan tunani yana zuwa wa gwanaye, zuwansa gare ki ba hujja ba ce a kan cancantarki, kuma bai kamata ki yanke wa kanki hukunci da shi ba.

Akwai abubuwa biyu da suka cakuɗe a cikin tambayarki, kuma maganin kowanne daban ne. Na farko shi ne imanin mutum cewa zai iya wani aiki takamaimai, kamar jagorantar taro ko gyara wa ma'aikaci kuskurensa. Na biyu shi ne ƙimar da mutum yake ba kansa gaba ɗaya, wato ko yana ganin shi mutum ne mai daraja ko da wani aiki ya ƙi masa kyau.

A kan na farko, babu wanda aka fi ambato kamar Albert Bandura na Jami'ar Stanford. A shekarar 1977 ya bayyana cewa wannan imani yana samuwa ta hanyoyi huɗu: nasarar da mutum ya samu da hannunsa, ganin wani irinsa ya yi abin, ƙarfafa gwiwa daga bakin wanda ya yarda da shi, da kuma yadda yake fassara halin da jikinsa ke shiga, kamar bugun zuciya da gumin hannu. Ta farkon ita ce mafi ƙarfi. Yadda ya kai ga wannan fahimta abin lura ne, domin da masu tsananin tsoron maciji ya yi aiki. Bai zaunar da su yana gaya musu cewa su jarumai ne ba. Ya sa sun fara da kallon macijin daga nesa yana cikin keji, sannan su ga wani ya taɓa shi lafiya, sannan su matso, su taɓa da safar hannu, har ta kai ga mutum ya ɗauke shi da hannunsa. Kowane mataki yakan bar wa mutum shaidar da ba zai iya musantawa ba, kuma wannan shaida ce ke ɗaukarsa zuwa mataki na gaba.

Ki dubi halinki ta wannan fuska. A lissafi kina da shaidar shekaru, shi ya sa ba kya shakka. A shugabanci kuwa ba ki tara komai ba tukuna, kuma duk ranar da kika gyara aikin wani a ɓoye ko kika haɗiye maganarki a taro, kin hana kanki shaidar da za ta gina ki. Shawarata ita ce ki rubuta ayyukan shugabanci da ke ba ki tsoro, ki jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ki fara da na ƙasa. Wataƙila mai sauƙin shi ne mayar wa ƙaramin ma'aikaci rahotonsa ya gyara jimla ɗaya, mai wuyar kuma shi ne ki saɓa wa ra'ayin babban darakta a gaban jama'a. Ki ajiye ɗan littafi inda za ki rubuta abin da kika yi tsammanin zai faru kafin ki yi abu, da abin da ya faru a zahiri bayan kin yi. Yawancin masu yin haka sukan tarar cewa hasashensu ya fi abin da ya auku muni, kuma ganin hakan a rubuce da hannunki ya fi lallashin kowa tasiri.

Game da madubi, ba ke kaɗai ba ce abin ya ƙi yi wa aiki. A shekarar 2009 Joanne Wood da abokan aikinta a Jami'ar Waterloo ta ƙasar Kanada sun sa mutane su riƙa maimaita wa kansu cewa su abin so ne, sai suka tarar waɗanda dama ba sa ganin ƙimar kansu sun ƙara jin ba daɗi bayan maimaitawar. Zuciya takan yi gardama da maganar da ba ta yarda da ita ba. Tun kafin nan ma an gwada abin a babban mataki, domin a 1986 jihar Kalifoniya ta kafa kwamiti na musamman don ɗaukaka ganin ƙimar kai a tsakanin jama'a, da fatan hakan zai rage faɗuwa a makaranta da aikata laifi. Amma da Roy Baumeister da abokansa suka bi diddigin tarin bincike a 2003, sai suka ce babu hujja mai ƙarfi cewa ɗaga wa mutum ganin ƙimar kansa yana sa shi ƙwazo, kuma alamu sun fi nuna cewa ƙwazon ne ke haifar da shi. Sun dai samu cewa masu ganin ƙimar kansu sun fi farin ciki, sun kuma fi naci bayan faɗuwa, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga shugaba.

Wannan nacin ne ya kawo mu ga abu na biyu. Idan darajarki a idonki tana hawa da sauka da kowace shawara da kika yanke, to kowace shawara za ta zame miki shari'a, kuma wanda ke gaban alƙali kullum ba ya iya tunani a natse. Ki lura da kalaman da kike gaya wa kanki bayan kuskure. Akwai bambanci mai girma tsakanin ki ce “na yi kuskure a jadawalin aikin wannan wata” da ki ce “dama ban cancanta ba”. Ta farko tana nuna abin gyara, ta biyu ba ta bar miki abin yi ba sai kunya. Hanya mai sauƙi ta gwada kanki ita ce ki tambayi zuciyarki ko za ki iya faɗa wa ƙawarki wannan maganar da a ce ita ce ta yi kuskuren.

Amsa daga Tsohon Manaja

'Yata, Malam ya yi bayani na ilimi kuma na yarda da yawancinsa, amma ni ta wajen ma'aikatanki zan duba, domin na daɗe ina shugabantar mutane kafin in yi ritaya, kuma na ga cewa sabon shugaba yakan shagala da abin da ke cikin ransa ya manta cewa na ƙasa da shi suna can suna jira.

Abin da kike kira kunya ko nauyi, su a wurinsu ruɗani ne. Idan umarni ya fita kamar roƙo, ma'aikaci ba ya sanin ko dole ne ko ganin dama, ko yau ake so ko mako mai zuwa, kuma in ya yi jinkiri aka zarge shi sai ya ji an zalunce shi. Ladabi bai hana magana ta fito fili ba. Kina iya cewa, “Malam, don Allah ina son lissafin albashin nan ya iso teburina ranar Laraba kafin a tashi, idan akwai abin da zai hana ka sanar da ni gobe.” Kin girmama shi, kin ambaci aikin, kin sa wa'adi, kin kuma buɗe masa ƙofar kawo uzuri. Daga nan sai ki yi shiru. Yawan ba da haƙuri da ƙarin bayani bayan umarni su ne ke nuna wa mai sauraro cewa mai maganar ba ta tabbata ba.

Shi kuwa wanda ya koya miki aiki, kada ki bari zaman doya da manja ya shiga tsakaninku ta hanyar shiru. Ki same shi ku kaɗai, ki gaya masa kai tsaye cewa ba ki manta da abin da ya yi miki ba, cewa akwai abubuwan da ya fi ki sani kuma za ki ci gaba da neman shawararsa a kansu, amma alhakin yanke hukunci yanzu yana wuyanki kuma kina bukatar goyon bayansa a gaban sauran. Sannan ki cika alkawari, ki riƙa tambayarsa kafin taro, ba a tsakiyar taro ba, kuma idan shawararsa ce aka bi ki ambaci sunansa. Dattijon ma'aikaci ba kujerarki yake tsoro ba, tsoronsa a mayar da shi ba kowa ba. Idan ya tabbata ba haka kike nufi ba, sau da yawa shi ne zai zama katangarki. Akwai kuma wanda ko me kika yi ba zai sauko ba, wannan sai a bi da shi ta ƙa'idar aiki, ba tare da gaba ba.

Zaman gyaran aikin mutane bayan an tashi kuwa, ki daina shi tun yau. Kina ganin taimako ne, alhali kin cuci mutum biyu. Shi bai san ya yi kuskure ba, don haka wata mai zuwa zai maimaita, ke kuma kin koma aikinki na da kin bar na yanzu babu mai yi. Ki zagaye wurin kuskuren da biro, ki kira shi, ki nuna masa, ki tambaye shi yadda aka yi ya samu wannan adadi. Wani lokaci a cikin amsarsa za ki gano cewa matsalar daga fom ɗin da ake cikewa take, ba daga gare shi ba.

Inda na ɗan bambanta da Malam shi ne batun nuna abin da babu shi a zuci, wanda bai amsa miki kai tsaye ba. A ganina akwai abin da ya halatta shugaba ya ɓoye, wato firgicinsa. Idan masu binciken kuɗi suka gano gibi a lissafi, cikinki zai ɗuri ruwa, amma ma'aikatanki fuskarki za su kalla, kuma in suka ga kin natsu su ma za su natsu su nemo inda aka yi kuskuren. An ce babba juji ne, kowa zai kawo nasa ya zuba, kuma ba a son jujin ya riƙa kuka. Abin da bai halatta ba shi ne ki nuna kin san abin da ba ki sani ba. Wannan ƙaryar ba ta kwana, domin na ƙasa da ke sun fi kowa saurin ganewa.

Zan ƙara da gargaɗi ɗaya. Miyagun shugabannin da na yi aiki da su, masu tsawa da wulaƙanta mutane a bainar jama'a, da na lura da kyau sai na ga mafi yawansu tsoro ne ke cin su. Rashin yarda da kai ba kullum yake bayyana a matsayin kunya ba. Idan ya daɗe bai samu magani ba yakan rikiɗe ya zama zafin rai, da ƙin jin gyara, da riƙe kowane aiki a hannu.

Sabuwar Shugabar Sashe

Na gode ƙwarai, Malam, na gode Baba. Zan fara da littafin da kuma ganawar da kuka ambata. Sai dai maganar Baba a kan amsa rashin sani ta bar ni da shakka. Dama can wasu na ganin na yi ƙanƙanta da wannan matsayi, to idan na fito na ce ban sani ba a gaban waɗanda suka girme ni, ba ƙofar raini na buɗe ba? Na ga shugabannin da ba sa taɓa cewa ba su sani ba, kuma su ne ake jin tsoro ake kuma ci gaba da ɗaukakawa.

Amsa daga Jami'in Kiyaye Haɗurra

Malama, aikina binciken musabbabin haɗurra ne a wuraren aiki, kuma irin shugaban da kika kwatanta, wanda ake tsoro kuma ba ya taɓa cewa bai sani ba, shi ne wanda muka fi cin karo da shi a cikin rahotanninmu.

Misalin da ake koya wa duk mai shiga wannan fanni shi ne abin da ya faru ranar 27 ga Maris, 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, inda manyan jiragen sama biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM ɗaya na kamfanin Pan Am, suka yi karo a kan titin tashin jirage cikin hazo mai kauri, mutum 583 suka rasu. Har yau babu haɗarin jirgin sama da ya kai shi asarar rayuka. Matuƙin jirgin KLM yana cikin manyan matuƙan kamfanin, shi ne ma shugaban masu horar da matuƙan irin wannan jirgi. Ya fara gudun tashi ba tare da cikakken izini daga hasumiya ba, yayin da ɗayan jirgin yake kan titin. Injiniyan da ke zaune a bayansa ya yi tambaya ko jirgin Pan Am ya riga ya kauce, shi kuma ya amsa da tabbaci cewa ya kauce, daga nan babu wanda ya sake ɗaga murya. Akwai wasu dalilai da suka haɗu, kamar hazon da katsewar saƙon rediyo, amma darasin da harkar jiragen sama ta ɗauka shi ne cewa tabbacin babba yana iya rufe bakin ƙarami a daidai lokacin da maganar ƙaramin ce za ta ceci kowa. Bayan wannan da wasu haɗurra makamantansa aka fara horar da ma'aikatan jirgi yadda ƙarami zai ƙalubalanci babba da yadda babba zai saurara, kuma kamfanin United Airlines ya fara cikakken shirin irin wannan horo a 1981.

Ofishin lissafi ba jirgin sama ba ne, amma hanyar da ɓarna ke bi iri ɗaya ce. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta yi bincike a asibitoci a shekarun 1990, tana tsammanin rukunonin ma'aikatan da suka fi kyakkyawan shugabanci za su fi ƙarancin kuskuren ba da magani. Sai alƙaluma suka nuna kamar su ne suka fi yawan kuskure. Da ta zurfafa sai ta fahimci cewa su ne suka fi bayyana kuskurensu, sauran kuwa ɓoyewa suke yi don tsoron shugaba. A sashenki, ma'aikacin da ya gano ya biya wani kuɗi sau biyu zai yanke shawarar gaya miki ko rufewa ne bisa abin da ya ga kina yi da naki kuskuren da naki rashin sanin.

Abin da Baba ya lura da shi ma bincike ya tabbatar. A 2009 Nathanael Fast da Serena Chen sun nuna cewa masu iko da ke jin ba su iya ba sun fi saurin muzguna wa wasu, kuma idan aka yi abin da ya ƙarfafa musu ganin ƙimar kansu sai muzgunawar ta ragu.

Amma ba zan ce tsoronki na raini ba shi da tushe ba. Ya danganta ne da yadda aka faɗi maganar da kuma abin da ya biyo bayanta. Wanda ya ce “ban sani ba” ya sunkuyar da kai ya yi shiru, ya bar mutane cikin duhu. Wanda ya ce “wannan ban tabbatar ba, zan duba dokar harajin in ba ku amsa gobe da safe”, kuma goben ta yi ya zo da amsar, ya nuna cewa maganarsa abin dogaro ce, ta yadda ranar da ya ce ya sani babu mai yi masa musu. Akwai kuma abubuwan da bai kamata ki kasa sani ba, kamar alƙaluman sashenki da wa'adin rahotanninsa. Waɗannan ki sansu kamar yunwar cikinki.

Amsa daga Jami'ar Kula da Ma'aikata

'Yar'uwa, duk amsoshin nan sun ɗora gyaran a kanki, ni kuwa ina ganin wani kaso na matsalar yana wuyan ma'aikatar. An saba ɗaukar wanda ya fi iya aiki a ba shi shugabanci ba tare da horo ba, alhali sana'o'i biyu ne daban. Laurence Peter ya yi wa wannan al'ada ba'a tun 1969, inda ya ce akan yi ta ɗaga ma'aikaci har sai ya isa matsayin da ba zai iya ba. A 2019 kuma Alan Benson da Danielle Li da Kelly Shue sun wallafa nazarin da suka yi a kan masu sayar da kaya a kamfanonin Amurka, suka samu cewa an fi ɗaga waɗanda suka fi ciniki, amma yawan cinikin mutum bai nuna zai iya riƙe wasu ba. Wannan ba yana nufin ba za ki iya ba, yana nufin kina da haƙƙin neman a koya miki.

Ki nemi ganawa da wanda ke sama da ke, ki tambaye shi abubuwan da za ki iya yankewa ke kaɗai, da waɗanda sai kin sanar da shi, da waɗanda sai ya sa hannu, kamar ba da hutu, sauya wa mutum aiki, ko rubuta takardar tuhuma. Ki nemi a rubuta. Na sha ganin shugabanni suna ɗari-ɗari ana cewa ba su da ƙarfin hali, alhali ba a taɓa gaya musu iyakar ikonsu ba, kuma mai hankali ba ya taka ƙasa da ƙarfi inda bai san zurfinta ba. Ki kuma tambaye shi dalilin da ya sa aka zaɓe ki, da ma'aunin da za a auna ki da shi a ƙarshen shekara.

Ƙarin bayani daga Malamin Ilimin Halayya

Na yarda da gyaran Baba a kan natsuwar fuska, kuma shawarar Hajiya, Jami'ar Kula da Ma'aikata, ta neman iyakar iko a rubuce ta dace a fara da ita kafin ma littafin da na ambata. Saura batun taron shugabannin sassa, wanda babu wanda ya taɓa.

Mai jin nauyin magana yakan ɗauka cewa idon kowa na kansa. Thomas Gilovich da abokansa a Jami'ar Cornell sun gwada wannan a binciken da suka wallafa a shekarar 2000, inda suka sa ɗalibai su sa riga mai hoton da ke ba su kunya su shiga ɗakin da ke da wasu ɗalibai. Masu rigar sun yi hasashen kusan rabin mutanen ɗakin sun lura, amma waɗanda suka lura a zahiri ba su wuce kimanin ɗaya bisa huɗu ba. A taro ma haka ne, kowane shugaban sashe yana can yana shirya tasa maganar, kuma sarƙewar harshenki a jimla ɗaya ba za ta kai yamma a ransa ba.

Ki karanta ajandar tun kafin ranar, ki zaɓi batu ɗaya da ya shafi kuɗi, wanda a ɗakin babu wanda ya fi ki sani, ki rubuta jimlarki ta farko a takarda kalma bayan kalma. Ki yi ƙoƙarin yin magana a farkon taron, domin tsawon jira yana ƙara wa maganar nauyi a baki. Kada ki buɗe da neman afuwa ko da cewa wataƙila ba daidai ba ne, ki fara da adadin da ke hannunki, misali abin da aka ware wa wani aiki da abin da aka riga aka kashe, sannan ki faɗi shawararki. Idan zuciyarki ta buga da ƙarfi, ki sani haka take yi wa mai shirin duk wani abu da ya damu da shi, ba alamar gazawa ba ce. Idan kuma wani ya riga ki faɗin abin da ke ranki, ki karɓa daga inda ya tsaya, ki ce kin goyi bayansa, ki ƙara da alƙaluman sashenki da ke tabbatar da maganar.